Kwafin Zane a Kan Alminiyam: Wanda Ƙarfe Ke Ɗauka da Wanda Yake Kashewa

Tambaya: Ina neman babban hoto da zan rataya a bangon falo. Na ga ana sayar da kwafin zane-zanen nan marasa siffa, waɗanda ba sa kwaikwayon mutum ko wani abu da aka sani, irin na su Kandinsky da Rothko, an buga su a kan farantin ƙarfe, suna ta sheƙi a hoton talla. Shin bugun yana kama da zanen asali? Yana daɗewa? Me ya kamata in duba kafin in saya?

Amsa: Malama, barka da wannan tambaya. Shirya hotunan zane don bugu shi ne sana'ata, don haka bari in fara da abin da ya fi muhimmanci: ƙarfe ba ya karɓar kowane zane. Akwai zanen da in aka ɗora shi a kan alminiyam sai ya ƙara fitowa, akwai kuma wanda ake kashe shi murus, ko da ingancin bugun ya kai inda ya kai. Sunaye biyun da kika ambata ma kowanne yana gefe guda. Kandinsky na shekarun 1920 yana zama daram a kan ƙarfe. Rothko kuwa, in aka buga shi a faranti mai sheƙi, abin da zai iso gare ki launuka biyu ko uku ne kawai, zanen kansa ba zai iso ba.

Kafin in kai ga dalili, ya kamata ki san abin da ake sayar miki, domin masu talla sukan tattara abubuwa daban-daban su kira su da suna ɗaya.

Hanyar da ta fi yawa ita ce ta turara rini. Ana buga hoton a juye, yadda zai bayyana a madubi, a kan wata takarda ta musamman da tawadar rini. Sai a kifa takardar a kan farantin alminiyam da aka riga aka shafe fuskarsa da foliyesta, wani irin roba, a liƙe ta da salatif mai jure zafi, a sa cikin injin matsi mai zafin kusan digiri 200 a ma'aunin Selshiyos na 'yan mintoci. A wannan zafin rinin ba ya narkewa ya zama ruwa, kai tsaye yake tashi ya zama tururi, ya ratsa cikin shafin foliyestan, in farantin ya huce ya daskare a ciki. Kafin a sa takardar a injin za ki ga launukanta dishi-dishi, kamar an ɓata aikin. Bayan an ɗaga murfin aka ɓare ta, sai ki ga ta koma fari-fari ta koɗe, launin duk ya ƙaura zuwa ƙarfen yana walƙiya. In kika shafa da yatsa ba za ki ji komai ba, sumul yake, domin hoton yana cikin shafin ne, ba a samansa ba. Farantin da ya fi shahara a wannan aiki shi ne na ChromaLuxe, wanda ake yi a Amurka, kaurinsa ya ɗan haura milimita 1.

Hanya ta biyu, na'ura ce ke fesa tawada kai tsaye a kan farantin, fitila mai hasken ultrabayolet tana biye tana busar da ita nan take. Galibi a kan Dibond ake yin wannan: falle biyu na alminiyam, kowanne milimita 0.3, da roba a tsakiyarsu, gaba ɗaya milimita 3. A nan tawadar tana zaune a saman ƙarfen, in kika shafa za ki ji ɗan kaushi. Bambancin hanyoyin biyu kamar na rini a cikin yadi ne da fenti a kan bango. Ta farko ta fi zurfin launi da sheƙi, ta biyu ba ta cika sheƙi ba, ta kuma fi jure rana, sai dai a wuraren da launi ke sauyawa a hankali mutum kan hangi ɗan tsaki-tsaki in ya matso. Akwai kuma ta uku, wadda a cikinta ƙarfen goyo kawai yake yi: ana buga hoton a takarda, a manna ta a kan Dibond, wani lokaci a rufe da roba mai kama da gilashi. Ki tambayi mai sayarwa wacce ce tasa. In ya kasa amsawa, to ba shi ke bugawa ba, kuma ba zai iya gyara miki komai ba.

To, me ya sa na ce ƙarfe yana zaɓe? Idan aka kwafi zanen fuskar mutum ko na doki, ko da launin ya ɗan kauce, har yanzu fuskar tana nan, dokin yana nan, ido yana da abin kamawa. Zane marar siffa ba shi da wannan madogarar. Abin da ya mallaka duka-duka shi ne launi, da yanayin fuskar fentin, da girma. Su ne zanen, babu wani abu a bayansu. Bugu a kan ƙarfe kuwa yana taɓa dukkan ukun: yana ƙara wa launi kaifi, yana mai da kowace fuska sumul, kuma kusan kullum yana rage girma. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane zane kafin in yarda a buga shi ita ce: in aka cire masa kaushi aka ba shi sheƙi, me ya rage?

Ɗauki Mark Rothko, tun da shi ne a ranki. Ba ya shafa fenti mai kauri. Yakan tsinka shi ya zama ruwa-ruwa, ya yi ta shimfiɗa shi hawa-hawa, wani hawan da mai, wani da ƙwai, wani da manne ko ƙaro, har launin ya zama kamar daga cikin kanbas ɗin, wato yadin da ake zane a kansa, yake fitowa. Wani wuri ya sha haske ya yi shiru, wani wuri kusa da shi ya ɗan yi ƙyalli, gefunan launukan kuma ba su da iyaka tsayayya, narkewa suke yi cikin juna. Shi kansa ya damu ƙwarai da yadda ake nuna aikinsa: yana so a rataye shi ƙasa-ƙasa, cikin haske marar ƙarfi, mai kallo ya tsaya kusa. Zane-zanen da ya yi a 1958 da 1959 don wani gidan cin abinci a ginin Seagram na New York, waɗanda daga baya ya janye, ya ba gidan tarihin Tate na Landan tara daga cikinsu, suka isa a 1970, ana nuna su ne a ɗaki mai dushewar haske kamar yadda ya so. Sai mutum ya jima a ɗakin idonsa ya saba kafin ya fara ganin jan da ke ƙarƙashin baƙin. Yanzu ki ɗauki wannan ki sa a faranti mai sheƙi. Launi mai duhu a ƙarƙashin sheƙi madubi yake zama. Kina tsayawa gabansa za ki ga tagar ɗakinki, da fitila, da kanki. Abin da mai zanen ya yi shekaru yana gujewa ke nan.

Haka abin yake, har ma ya fi, ga Ad Reinhardt. Baƙaƙen zane-zanensa na shekarun 1960 murabba'ai ne masu kusan santimita 152 kowane gefe, an raba su gida tara, kowane gida baƙi ne mai ɗan karkata zuwa ja ko shuɗi ko kore. Yakan tsane man da ke cikin fentin don kada ya yi ƙyalli ko kaɗan. Bambancin gidajen taran siriri ne ƙwarai, har na'urar bugu takan haɗe su su zama baƙi ɗaya, ko kuma mai shirya hoton ya ƙara musu bambanci don a gani, ya mai da su abin da ba su ba. Shuɗin Yves Klein na Faransa, wanda ya yi wa rajista a 1960, shi ma wata matsalar ce. Sirrinsa shi ne garin launin yana riƙe ne da wani irin ƙaro na roba da ba ya dushe shi, sai fuskar zanen ta zama kamar busasshen gari mai tsananin shuɗi. Tawadar bugu ba ta kai wannan shuɗin ba. Ko dai ya karkata zuwa shunayya, ko ya yi sanyi. In aka ƙara masa sheƙi a kai, an raba shi da abin da ya sa ake kallonsa.

Sai masu tudu da kwari. Jackson Pollock yana shimfiɗa kanbas a ƙasa ne ya yi ta zuba fenti yana ɗigawa, zare a kan zare, har a cikin zanensa Full Fathom Five na 1947 akwai ƙusoshi da maɓallai da mabuɗi da tsabar kuɗi da suka nutse a fentin. Pierre Soulages, daga 1979 har rasuwarsa a 2022, kusan baƙi zalla yake amfani da shi, yana tsaga shi da manyan buroshi da wuƙar fenti, ta yadda haske ke sauka a kan tsagin ya sauya duk lokacin da mai kallo ya gusa. Kyamara kuwa gefe ɗaya take kamawa, lokaci ɗaya. Inuwar kowane tudun fenti ta riga ta daskare a cikin hoton. In fitilar mai ɗaukar hoton tana hagu, tagar ɗakinki kuma tana dama, inuwoyin za su riƙa faɗuwa ta inda bai kamata ba. Mai kallo ba lallai ya iya faɗin abin da ke damunsa ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Batun girma ba zan daɗe a kansa ba, lissafi ya isa. One: Number 31, 1950 na Pollock, da ke gidan tarihin MoMA a New York, faɗinsa ya haura mita 5, tsayinsa kusan mita 2.7. In aka mai da shi santimita 90, zaren fentin da a asali ya kai kaurin yatsa sai ya koma kamar gashi, motsin jikin mutumin da ya yi ta zagaya kanbas ɗin ya ɓace, ya zama ado kawai.

Waɗanda ƙarfe ke yi wa alheri su ne masu layi mai kaifi da launi a shimfiɗe. Composition VIII na Wassily Kandinsky, wanda ya zana a 1923 yana koyarwa a makarantar Bauhaus ta Jamus, kyakkyawan misali ne: da'irori, da kusurwoyi, da siraran layuka a kan fili mai haske, ga wata babbar baƙar da'ira mai shunayya a ciki daga sama ta hagu. Fentinsa ba kauri, ƙarfinsa yana cikin tsarin siffofin ne, kuma alminiyam yana fito da kaifin layi fiye da kanbas ɗin bugu, wanda saƙarsa ke cin siraran layuka. Haka ayyukan Kazimir Malevich masu launi, da na El Lissitzky, da Sophie Taeuber-Arp, da da'irorin Robert Delaunay. Shi kansa Kandinsky ba duka ayyukansa ba ne: Composition VII na 1913, da ke gidan tarihin Tretyakov a Mosko, mita 2 ne a kan mita 3 na launuka masu cakuɗa da juna, in aka ƙanƙanta shi sai ya cunkushe.

Piet Mondrian ana yawan buga shi a ƙarfe, kuma yana kyau a bango, ban musa ba. Amma ki sani wanda ya taɓa tsayawa gaban na asali zai gaya miki farin nan ba fari ɗaya ba ne, ana ganin sawun buroshi yana bin gefe daban-daban a kowane gida, baƙaƙen layukan ma an yi ta gyara su ana gusar da su. A kan ƙarfe mai sheƙi duk wannan yana gushewa, sai tsarin ya rage. In tsarin kike so, madalla. Manyan zane-zanen nan goma da Hilma af Klint ta Suwidin ta yi a 1907, masu tsayin sama da mita 3, da launukansu na ruwan hoda da ruwan goro da shuɗi mai sanyi, suna karɓar ƙarfe matuƙar an zaɓi fuska marar sheƙi, domin na asalin a kan takarda aka yi su da fenti marar ƙyalli. Kuma kada ki ɗauka masu zane suna ƙyamar ƙarfe ne. Tun a ƙarni na 16 da na 17 wasu a Turai suna zane a kan tagulla saboda santsinta. Gerhard Richter na Jamus, daga 2011, ya fitar da jerin ayyukan da ya kira Strip, waɗanda aka buga da na'ura aka manna a kan alminiyam aka rufe da roba mai kama da gilashi. Bambancin shi ne ya tsara su ne tun farko don wannan santsin.

Wannan ya kawo mu kan fuskar farantin, inda mutane da yawa ke yin zaɓen da suke nadama. Bugun rini ba shi da farar tawada, duk inda kika ga fari, farin farantin ne. Saboda haka ana yin faranti iri biyu: mai farin shafi, da mai shafi garai-garai wanda ake ganin azurfar ƙarfen ta cikinsa. Kowanne kuma akwai mai sheƙi sosai, da matsakaici, da marar sheƙi. Don kwafin zane, farin shafi nake ba da shawara kusan kullum. A kan mai azurfa duk wani fari yana komawa ruwan toka mai walƙiya, launuka masu sanyi suna yin duhu, hoton kuma yana sauya kama da sauyin haske. Yana burgewa a hoton baƙi da fari, amma fili mai ruwan madara irin na Kandinsky lalacewa yake yi a kansa. Game da sheƙi, hoton talla yana ruɗi, domin ana ɗaukarsa ne a inda aka kawar da duk abin da zai haska a ciki. A ɗaki mai taga ko fitilu da yawa, matsakaicin sheƙi ko marar sheƙi ya fi kwanciyar hankali, ya kuma fi kusa da fentin gaske.

Duk wannan bai kai fayil ɗin hoton na kwamfuta da aka buga daga gare shi muhimmanci ba. Ƙarfe ba ya rufa asiri. Kanbas ɗin bugu, saboda saƙarsa, yakan ɓoye rauni, alminiyam kuwa tona shi yake yi. Don bugu mai kyau ana son fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, guda 300 a kowane inci in hoton ƙarami ne da za a kalla kusa, manya kuma 150 ya wadatar. Faranti mai santimita 60 a kan 90 yana bukatar aƙalla fiksel 3,500 a kan 5,300. Mai santimita 100 a kan 150 yana bukatar kusan 5,900 a kan 8,900, wato sama da fiksel miliyan 50. Hoton da aka kwaso daga intanet mai faɗin fiksel 1,200, in aka ja shi zuwa santimita 90, bai wuce 34 a kowane inci ba. Yanzu akwai manhajojin da ke ƙara girman hoto ta hanyar ƙirƙiro abin da babu, kuma suna da alama: sawun buroshi yana komawa kamar narkakkiyar roba, tsagewar tsohon fenti ta zama wasu layuka masu santsi da ba su da kan gado. A zane mai launi a shimfiɗe kuma, in an matse fayil ɗin da yawa, wurin da launi ya kamata ya sauya a hankali sai ya fito hawa-hawa kamar matakala. Ingantaccen fayil daga zanen asali ake ɗaukarsa, da fitilu biyu daga gefe da gefe a kusurwar digiri 45, da matatar haske mai kashe ƙyalli, da katin gwajin launi a gefen zanen don a daidaita da shi. Mai sayarwa na kirki ba zai ji haushi ba in kika tambaye shi daga ina fayil ɗinsa ya fito, kuma fiksel nawa ne.

Ki kuma lura da abubuwa biyu da ake yi wa zane ba tare da an faɗa ba. Na farko ƙara wa launi ƙarfi don ya ja ido. Fuskar waya tana fitar da haske ne daga cikinta, faranti kuwa hasken ɗaki yake mayarwa, don haka ba za su taɓa zama ɗaya ba, wasu kuma sukan cike giɓin da zuzuta ja da shuɗi. Ki buɗe shafin gidan tarihin da ke riƙe da zanen ki kwatanta. Na biyu yanka. Composition VIII santimita 140 ne a kan 201. Faranti mai tsayin 60 ya kamata faɗinsa ya zama kusan 86, ba 90 ba. Wanda ya tilasta shi cikin 60 a kan 90, ko dai ya datse sama da ƙasa, ko ya ja shi har da'irorin suka daina zama da'ira. A zanen da gaba ɗayansa daidaiton siffofi ne, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Alminiyam ana yanka shi yadda ake so, ki nemi a yanka miki daidai da ma'aunin zanen.

Akwai batun haƙƙin mallaka, kuma ina ɗaukarsa da muhimmanci. A ƙasashe da yawa, har da na Tarayyar Turai, haƙƙin mai zane yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwarsa. Kandinsky da Mondrian da af Klint duk a 1944 suka rasu, don haka ayyukansu sun zama na kowa a waɗannan ƙasashe tun farkon 2015. Malevich ya rasu a 1935, Paul Klee a 1940. Pollock ya rasu a 1956, wa'adinsa yana cika a ƙarshen 2026. Klein a 1962, Reinhardt a 1967, Rothko a 1970, wato nasa sai ƙarshen 2040. Amurka tana da nata lissafin ga tsofaffin ayyuka, shekara 95 daga lokacin da aka fara wallafa su, wasu ƙasashen kuma wa'adinsu ya fi 70 ko bai kai ba. Kwafin da aka yi da izini yakan zo da sunan magada ko na ƙungiyar da ke kula da haƙƙin, irin su ARS a Amurka, DACS a Ingila, ADAGP a Faransa. Wannan ba zancen doka kaɗai ba ne. Wanda ba shi da izini galibi ba shi da fayil mai kyau, tun da ba a ba shi ba. Ga ayyukan da suka zama na kowa kuwa, gidajen tarihi irin su Metropolitan na New York, tun 2017, da Art Institute na Chicago, tun 2018, suna sakin hotuna da yawa kyauta.

Daɗewa fa? Nan ƙarfe yana da abin alfahari. Ba ya tsoron laima, ba ya kumbura, ba ya bukatar gilashi, ana goge shi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa. Bangon da tururi ke kaiwa, wanda takarda ba za ta jure ba, shi yana jurewa. Ba shi da nauyi: murabba'in mita ɗaya na farantin rini bai wuce kilo 3 da ɗan ɗori ba. Masu yin farantin suna kafa hujja da gwajin ɗakin bincike da ke nuna zai yi shekaru gommai a cikin ɗaki kafin a ga koɗewa, amma sharaɗin shi ne hasken ɗaki, ba rana ba. Rini rini ne, rana tana cin sa, kuma bugun tawadar gari, wadda aka haɗa da garin launi maimakon rini, a kan takardar auduga, in an adana shi da kyau, yakan fi shi jure haske. Ko fentin asali bai tsira ba: zane-zanen da Rothko ya yi wa Jami'ar Harvard, da aka rataye a wani ɗaki mai manyan tagogi daga 1964, jansu ya koɗe har aka sauke su a 1979. Kada ki sa farantin inda rana ke dukansa kai tsaye. Rauninsa na biyu kusurwa ce. In ya faɗi kusurwar ta lanƙwashe ko shafin ya ɓantare, ba ya gyaruwa. Ranar da aka kawo shi, ki duba kusurwoyin huɗu, sannan ki karkata shi gaban haske ki nemi ƙananan fararen ɗigo, alamar ƙura ta shiga tsakanin takarda da faranti lokacin matsi. A fili mai launi ɗaya ɗigo guda ma yana tsone ido.

Wajen ratayewa, yawanci akan manna masa firam a baya wanda ke ɗaga shi kusan santimita 2 daga bango, sai ya yi kamar yana shawagi, inuwa siririya ta zagaye shi. Wannan yana dacewa da zane mai layi. In farantin ya haura mita ɗaya, ki tabbatar firam ɗin bayan ya zagaye shi duka, in ba haka ba siririn alminiyam yakan ɗan lotsa, sheƙi kuma ya fallasa lotsawar. Tsakiyar hoton ta zo daidai ido, kusan santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Kada ya fuskanci taga. In za ki sa masa fitila, ta sauko daga sama a kusurwar kusan digiri 30, don hasken ya faɗi ƙasa maimakon ya dawo cikin ido.

Abin da zan roƙe ki ki yi kafin ki ba da kuɗin babban faranti shi ne ki nemi samfuri, gani ya kori ji. Ba zanen gaba ɗaya a ƙanƙance ba, wannan ba zai nuna miki komai ba. Ki ce a yanko wani yanki na hoton a ainihin girman da za a buga shi, a sa a faranti mai santimita 20 a kan 30, a zaɓi wurin da ke da duhu da haske da siririn layi. In zai yiwu a yi biyu, mai sheƙi da marar sheƙi. Ki jingina su a bangon da kike nufi, ki duba da safe, ki duba da dare a hasken fitila, ki zauna a kujerar da kika saba zama ki ga ko taga tana bayyana a ciki.

Da ni ce zan zaɓa miki tsakanin biyun da kika ambata, Kandinsky na zamanin Bauhaus zan buga a farin faranti mai matsakaicin sheƙi, a yanka shi daidai ma'auninsa, faɗinsa ya kai mita ɗaya ko fiye in bangon zai ɗauka. In kuwa Rothko ne zuciyarki ta kwanta a kai, ki bar ƙarfe. Ki nemi kwafi mai izini da aka buga da tawadar gari a kan takardar auduga marar sheƙi, a sa shi a firam da gilashi mai kashe ƙyalli, ki rataye shi a bangon da ya fi kowanne ƙarancin haske a ɗakin.